Ciwon mara: abin da ambaliya ta koya mana a Shehuri

Ranar Talata, 10 ga Satumba 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Shehuri har fadar Shehu, muka fito da abin da ke jikinmu kawai. Kwanakin da muka yi a wata makaranta, iyalai sun fi goma a aji ɗaya, sun nuna mana wani abu da yake cikin gidajenmu shekara da shekaru ba mu kula ba.

A dare na biyu, wata yarinya mai shekara 14 ta duƙunƙune a gefen tabarma tana riƙe da mara, gumi na zuba, ta yi amai sau biyu. Wasu suka ce gurɓataccen ruwa ta sha, wasu suka fara tofi. Mahaifiyarta ce ta ce cikin jin kunya: "Al'adarta ce, haka take yi duk wata." Ashe kusan shekara biyu ke nan tana rasa kwana biyu na makaranta kowane wata, mahaifinta bai taɓa sani ba. A gida ɗaki ne ke rufa asiri. Da ruwa ya raba mu da ɗakunan, sai ciwon ya fito fili.

Allah Ya sa akwai wata ma'aikaciyar jinya a cikinmu. Ta sa aka ɗora ruwa a kan gawayi, ta zuba mai ɗumi a gora, ta naɗe da zani ta ɗora mata a mara. Ta ce: "'Yata, ci wannan burodin tukuna," sannan ta ba ta ibuprofen. Kafin asuba yarinyar ta samu barci.

Washegari ta yi mana bayanin da muke son ya isa kowane gida. Lokacin haila mahaifa tana fitar da wani sinadari, furostagilandin, wanda ke sa ta matsewa don ta zubar da jini. Idan sinadarin ya yi yawa, matsewar kan yi tsanani, har ta kawo ciwon baya, tashin zuciya da gudawa. Yawanci ciwon kan fara dab da zuwan jini, ya lafa cikin kwana biyu zuwa uku. Ba ragwanci ba ne, ba kuma aikin iska ba.

Ɗumi yana sassauta matsewar, amma kada a ɗora gora mai zafi a kan fata kai tsaye. Ibuprofen yana rage sinadarin, shi ya sa ya fi aiki idan aka sha da zarar ciwo ya fara, ba sai ya kayar da mutum ba, kuma bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko asma, da wadda ke zaton tana da ciki, kada ta sha sai ta tambayi likita. Farasitamol ya fi mata sauƙi. Ba a haɗa ibuprofen da diclofenac, domin danginsu ɗaya, haɗin yana cin ciki. Tafiya kaɗan da shayin citta suna taimaka wa wasu. Ta ja kunnenmu a kan jiƙa kanwa da yawa, da kuma tiramadol da wasu 'yan mata ke saye a ɓoye, wanda daga maganin kwana biyu yake zama jaraba.

Akwai maganar da dukanmu muka taɓa ji: "Ki yi haƙuri, in kin yi aure zai daina." Gaskiya ne wasu suna samun sauƙi da shekaru ko bayan haihuwa, amma aure ba magani ba ne, kuma wannan magana ta sa mata da yawa sun zauna da cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa tana da cutar endometiriyosis, inda nama irin na cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta. Ƙarin mahaifa, wato faibroid, shi ma yana kawo ciwo da zubar jini. Don haka idan ciwon yana ƙaruwa wata bayan wata, ko magani ya ƙi ci, ko jini ya wuce kwana 7, ko audugar mata tana jiƙewa duk awa ɗaya zuwa biyu, ko akwai zazzaɓi da ruwa mai wari, a tafi sashen mata na Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri.

Mun yarda kunya ado ce, ba kuma cewa muke a riƙa zancen a majalisa ba. Roƙonmu kaɗan ne. Iyaye mata, ku tambayi 'ya'yanku, kada ku jira su faɗa. Iyaye maza, idan uwargida ta nemi kuɗin auduga da magani, ku bayar ba tare da bincike ba. Malamai, yarinyar da ke ɓacewa kwana biyu duk wata ba lallai wasa take yi ba.

Yarinyar nan ta koma makaranta. Mahaifiyarta ta ce yanzu gora da zani suna ajiye a ƙarƙashin gado, kuma mahaifinta ne ke sayo maganin da kansa.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya kare mu daga maimaituwar irin wannan ambaliya, amin.

Daga ofishin sakataren ƙungiya, Shehuri, Maiduguri.