Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A ƙarshen watan Agustan 2025, muna hutun jami'a a gida Kakuri, wani labari ya cika wayoyinmu. Wai ƙasar Japan ta ware wa 'yan Najeriya gari sukutum mai suna Kisarazu, kuma za ta fito da biza ta musamman ga matasa masu son zuwa aiki. Mu huɗu ne abokai tun daga firamare, majalisarmu kuwa wani benci ne a gaban shagon mai cajin waya, kusa da Kasuwar Monday. Ranar ko hirar ƙwallo ba a yi ba. Kowa ya duƙufa yana lissafin kuɗin Japan a naira.

Ba a yi kwana uku ba sai ga wani mutum ya ɓullo a WhatsApp, yana cewa an ba shi gurbin mutum ashirin. Kuɗin fom naira dubu 350, cikon sai an sauka Tokyo. Ɗaya daga cikinmu ya je gida ya shawo kan mahaifiyarsa, mai sayar da kayan miya. A makon ne za ta kwashi adashi, kuɗin da ta ƙudurta za ta biya haya da kuɗin jarrabawar ƙanwarsa. Ta amince, amma da sharaɗi ɗaya. Ta ce, "Kafin ka kai kuɗin nan, ku je ku gaida Baba na bayan layi. Ya yi aiki da mutanen nan tun ba a haife ku ba."

Muka kalli juna. Mutanen Japan a Kakuri? Ashe mu ne ba mu san tarihin unguwarmu ba. Masaƙar Arewa, wadda muke wuce kangonta kullum, kamfanonin saƙa na Japan ne suka zuba jari aka kafa ta a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da Kakuri ke cike da masaƙu irin su KTL da aka buɗe a 1957. Haka kuma matatar man Kaduna da ke hanyar Kachia, gaba da Sabon Tasha, kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina ta, aka ƙaddamar da ita a 1980. Wato kakanninmu sun yi aiki da Japanawa a nan ƙetaren kogi, ba fasfo ba biza.

Mun tarar da Baba a kan tabarma a ƙofar gida. Da muka karanta masa saƙon mutumin nan, sai ya yi murmushi ya ce, "'Ya'yana, mutanen da na sani ba sa ɗaukar ma'aikaci a gaggauce." Ya ba mu labarin yadda ya shiga masaƙa bai san komai ba game da inji. Ba su damu da haka ba, su suka koya masa. Abin da suka sa wa ido shi ne ko yana zuwa kan lokaci, ko yana share injinsa kafin ya tashi, ko yana faɗa da wuri idan zare ya tsinke ko ya yi kuskure. Ya ce mu bari a kwana bakwai, in gurbin na gaskiya ne ba zai gudu ba.

Kafin kwana bakwai ɗin su cika gaskiya ta yi halinta. Gwamnatin Japan ta fito ta ce babu wata biza ta musamman. Abin da ya faru shi ne, a taron TICAD karo na tara da aka yi a Yokohama, hukumar JICA ta haɗa garuruwan Japan huɗu da ƙasashen Afirka huɗu don zumunci da musayar ziyara, Kisarazu ya faɗo wa Najeriya. A watan Satumba ma JICA ta janye shirin baki ɗaya, saboda ruɗanin da ya jawo. Lambar mutumin nan kuwa, har yau a kashe take.

Kunya ta sa muka ce sai mun gano yadda ake samun aikin nan ta hanyar gaskiya. Mun shafe sauran hutun muna karanta shafukan ofishin jakadancin Japan da ke Abuja da na hukumar kula da ɗalibai ta ƙasar, JASSO. Ga abin da muka gano, ƙannenmu, don kada ku yi irin namu.

Japan na buƙatar ma'aikata, wannan ba ƙarya ba ne. Yawan jama'arta na raguwa shekara da shekaru, kuma kusan mutum uku cikin goma sun kai shekara 65 ko sun haura. Shi ya sa gwamnatinsu ta sa burin samun ɗalibai 'yan ƙasashen waje dubu 400 nan da 2033, tana kuma son da yawa su tsaya su yi aiki. Sai dai babbar ƙofar shiga ita ce makaranta, kuma ƙofar tana da lokacin buɗewa da na rufewa.

A nan gida, mun saba mutum ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, sannan ya ɗauki takardu ya shiga neman aiki. A Japan wanda ya yi haka ya makara. Shekarar karatu da ta aiki duk a watan Afrilu suke farawa, kuma manyan kamfanoni kan ɗebi sababbin ma'aikata a lokaci guda daga cikin ɗaliban da ba su gama ba tukuna. Sunan wannan neman aiki shukatsu. Ɗauki ɗalibin da zai gama a watan Maris na 2027. Tun daga 1 ga Maris 2026 kamfanoni ke buɗe tarurrukan bayani. Daga 1 ga Yuni a shiga tantancewa. Ran 1 ga Oktoba a ba shi alkawarin aiki a rubuce, wanda suke kira naitei. Ya kama aiki a Afrilun 2027. Kun ga wata goma sha uku ke nan kafin ranar fara aiki. Kamfanoni da dama ma kan riga wannan jadawali, ta hanyar ɗaliban da suka je musu koyon aiki a hutun aji uku.

Tantancewar ma mataki-mataki ce. Ɗalibi zai cike takardar gabatar da kai, ya zauna jarrabawar lissafi da harshe da ɗabi'a, wadda mafi shahararta ita ce SPI, sannan ya yi intabiyu sau biyu ko uku ko fiye, sanye da baƙar kwat. Tambayar da kusan ba ta taɓa faɗuwa ita ce: a zamanka na ɗalibi, mene ne ka fi ba wa ƙarfinka? Ba sa neman wanda ya iya komai, domin su za su horar da shi. Suna son su ji matsalar da ka taɓa fuskanta, da yadda ka yi da ita, da yadda ka yi aiki da mutane. Da muka karanta wannan sai muka tuna da Baba da injinsa.

Sai babban shinge, wato harshe. Yawancin jarrabawar nan da intabiyun da Japananci ake yin su. Akwai jarrabawar ƙwarewa a harshen mai suna JLPT, mai matakai biyar, daga N5 na 'yan koyo zuwa N1 na ƙwararru, kuma kamfanoni da yawa N2 ko N1 suke nema. Rubutunsu kashi uku ne: hiragana mai baƙaƙe 46, katakana mai 46, sai kanji, wanda na amfanin yau da kullum kaɗai 2,136 ne. Ko wanda ya yi digirinsa da Turanci a can, in bai iya harshen ba, ƙofofin da za su buɗe masa kaɗan ne.

Akwai kuma doka. Ɗalibi baƙo yana iya yin aikin wucin gadi na sa'o'i 28 a mako, bayan ya karɓi izini, kuma wanda ya zarce haka na iya rasa izinin zamansa. Idan ya sami aiki, sai ya sauya izinin zama daga na ɗalibi zuwa na ma'aikaci, hukumar shige da fice kuma za ta duba ko aikin na da alaƙa da abin da ya karanta. Wanda ya gama bai samu ba, yana iya neman ƙarin wata shida, a sabunta sau ɗaya, da takardar shaida daga makarantarsa. A duk matakan nan ba mu ga inda aka ce a tura wa wani kuɗi ta WhatsApp ba.

To ɗan talaka daga Makera ko Narayi, ta ina zai shiga? Gwamnatin Japan na da tallafin karatu mai suna MEXT, wanda ake nema ta ofishin jakadancinsu a Abuja. Ga mai neman digirin farko, ya haɗa da shekara guda ta koyon harshe, da kuɗin makaranta, da na jirgi, da alawus duk wata. Ana zama jarrabawar Turanci da lissafi da kimiyya gwargwadon fannin da mutum ya zaɓa. Guraben kaɗan ne, masu nema da yawa. Ga masu digiri kuma akwai shirin ABE da Firaminista Shinzo Abe ya sanar a 2013, wanda ke kai matasan Afirka yin digiri na biyu tare da koyon aiki a kamfanonin Japan. Kada kuma a manta, kamfanonin nan suna nan gida: Honda na da masana'anta a Ota ta Jihar Ogun, kuma farin magin nan na Ajinomoto da ke tukunyar iyayenmu, reshen kamfanin Japan ne ke sarrafa shi a Najeriya.

Ba za mu ɓoye muku ba, can ma ba aljanna ba ce. Sun yi suna wajen daɗewa a wurin aiki. Ga kewar gida, ga neman abincin da ya dace da addinin mutum. Kuma lokacin rikicin Kisarazu, ɗimbin kiran waya da saƙonnin ƙorafi da suka cika ofishin garin sun nuna cewa ba kowa ke maraba da baƙi ba. Duk mai son zuwa ya je da idonsa a buɗe.

Abin da ya fi yi mana ciwo shi ne, da mun san duk wannan tun muna aji huɗu na sakandare, da lissafin da muka riƙa gudu mun rungume shi. Ku kuna da lokacin da mu muka ɓatar. Ku riƙe lissafi da Turanci da kimiyya. Ku riƙe wani aiki a makaranta, ko ƙungiyar muhawara ce ko gonar makaranta, ku yi shi har ƙarshe, don ku sami amsar tambayar nan. Ku koyi zuwa kan lokaci da faɗin kuskure da wuri. Mai waya a gida ya ara, ya fara hiragana, baƙi biyar a rana, cikin kwana goma ya gama.

Mahaifiyar abokinmu ta kwashi adashinta, ta biya haya, ƙanwarsa ta yi rajistar jarrabawa. Mu kuma mun sayi littafin rubutu mai shafi 40 kowannenmu, duk hutu muna haɗuwa a bencin nan. Biyu daga cikinmu sun gaji sun koma hirar ƙwallo. Biyu suna nan, kuma wanda ya kusa yin asarar kuɗin shi ne kan gaba, yana shirin neman MEXT na digiri na biyu idan ya gama. Ko zai samu, Allah ne masani. Ran nan mun koma gaida Baba, abokin namu ya gaishe shi da Japananci. Baba ya amsa, sannan ya ce masa bai rusuna yadda ya kamata ba, ya sake.