Wasiƙa Zuwa Ga Auta

Assalamu alaikum Autata,

Da fatan kina lafiya, ke da ƙawayenki na ɗakin kwana. Mu nan lafiya lau muke, sai dai kewarki, musamman bayan la'asar da kika saba cika gidan da surutu.

Na san kina ɗokin jin labarin taron karanta littafina, tunda ke kika zaɓa mini atamfar da zan ɗaura. To, ba a yi ba. Ana gobe taron aka bugo mini waya cewa an ba masu biki zauren. Raina ya sosu ƙwarai, Auta. Na riga na sa an dafa zoɓo an soya cincin, Babanki kuma ya ɗauko littattafan daga maɗaba'a, ga su jibge a kwali.

Da hantsi sai ga Goggonki, ta sha lalle da turare, saƙon fasawa bai kai gare ta ba. Da na gaya mata, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Wani hanin ga Allah baiwa ne. Mu da muka yi kwalliya sai mu koma haka? A shimfiɗa tabarmi." Nan take ta aiki yara gida gida. Kafin azahar tsakar gida ta cika: mai ƙosan bakin layi, uwar adashinmu, matar liman, har da amaryar gidan da ke kallon namu, wadda ko an yi taron ba za ta samu zuwa ba.

Na ɗauko babin da Ladi, bazawarar nan ta cikin labarin, take shawarar ko ta yi kome. Ban kai ƙarshen shafi na biyu ba aka katse ni. Tsofaffi suka ce ta koma ko don 'ya'yanta, matasa suka ce wanda ya saki mace da tsohon ciki ba abin komawa ba ne. Matar liman ta tsaya tana bayanin idda, mai ƙosai na cewa ai ita ta san Ladi, a ƙauyensu take! Can sai amaryar nan, wadda tun da aka kawo ta ban taɓa jin muryarta ta wuce gaisuwa ba, ta ce a bari a ji abin da Ladin kanta take so. Kowa ya yi tsit, na ci gaba.

A zaure, da an saurare ni cikin ladabi, an tafa, an ɗauki hoto. Har yanzu ina son wannan, kuma muna neman wata rana. Amma a can ba wanda zai yi faɗa a kan Ladi kamar 'yar cikinsa. Mu ma haka muka taso da littafi. Lokacin da Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, haya muke karɓowa a shago, mace ɗaya ta karanta da ƙarfi, sauran na tsince shinkafa suna sa baki. Ko Magana Jari Ce da kuke yi a aji, ki lura, Abubakar Imam a bakin aku ya sa labaran, yana faɗa ana saurare. Labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, su ma a rediyo mata da yawa suke jin su.

Shi ya sa nake roƙonki, in kin zo hutu, ki daina ɓata fuska idan na ce tashi mu je barka ko dubiya ko ta'aziyya. Matan nan sun amsa kiran Goggo ne don mun je nasu. Rabin abin da nake rubutawa ma a irin waɗannan zaman nake jinsa.

Na ba Yayanki kwafi ɗaya ya kawo miki ranar ziyara, tare da yaji da ƙuli-ƙuli da ragowar cincin. Ki karanta wa ƙawayenki babi na huɗu, wato na komen Ladi, ki rubuto mini ɓangaren da suka bi. Amaryar ta karɓi aron nata, ta ce in gaishe ki. Babanki ma yana gaisuwa, ya ce a dage da lissafi.

Allah ya yi miki albarka.

Taki,
Umma