Musanze: Inda Gona Ke Miƙewa Sama

Ƙasar Ruwanda ba ta da girma. Faɗinta murabba'in kilomita 26,338 ne, wato ta ɗan ɗara Jihar Katsina, amma ƙidayar shekarar 2022 ta nuna mutum miliyan 13 da ɗoriya ke zaune a cikinta, akasarinsu kuma manoma ne. Ga shi ƙasar daga tudu sai kwari, har ana yi mata kirari da mai tsaunuka dubu. Duk wanda ya tashi a gidan noma dole ya tambayi kansa, ina waɗannan bayin Allah ke samun filin da zai ciyar da su? Wani ɓangare na amsar na gan shi a Musanze, can arewacin ƙasar, sa'ad da wani taron malaman jami'a ya kai ni Kigali, na samu sararin kwana biyu na leƙa karkara.

Daga Kigali zuwa Musanze, wadda a da ake kira Ruhengeri, tafiyar kamar awa biyu ce a mota, hanya tana lanƙwasa tana hawa, sanyi yana ƙaruwa. Garin yana gindin jerin duwatsu masu aman wuta, babbansu Karisimbi mai tsayin mita 4,507. Baƙi kan zo nan ne don kallon goggon biri a dajin da ke kan duwatsun. Ni kuwa sanduna ne suka ɗauke mini hankali. Ko'ina ka duba, a gangaren tsauni, a gefen titi, a bayan ɗaki, sanduna ne a kakkafe, kowace ta fi tsayin mutum, ganye ya lulluɓe ta daga ƙasa har bisa. Wake ne, wanda suke kira ibishyimbo.

Ba irin wakenmu ba ne mai yaɗo a ƙarƙashin gero da dawa. Wannan asalinsa daga nahiyar Amurka yake, ya shigo Afirka 'yan ƙarnuka da suka wuce, ya samu wurin zama a ƙasashe masu tudu da sanyi. Iri biyu ne: akwai gajere da ke tsayawa da ƙafarsa, akwai kuma mai hawa, wanda ke naɗe duk abin da ya samu ya bi shi sama. A Ruwanda wake ba mahaɗi ba ne, shi ne ginshiƙin tukunya. Da wuya a sauke abinci babu shi, ko da dankali, ko da rogo, ko da ayaba, kuma 'yan ƙasar suna sahun gaba a duniya wajen cinsa.

Ɗan rakiyata ya shigar da ni gidan wata dattijuwa a wajen gari. Lambunta bai fi faɗin tabarma huɗu ba, irin wanda suke kira akarima k'igikoni, wato 'yar gonar madafa, wadda hukumomin ƙasar ke ƙarfafa kowane gida ya mallaka don yaƙi da tamowa. Ta bakin tafinta ta bayyana mini yadda take yi. Takan zuba takin tumaki, ta shuka ƙwaya biyu a kowane rami. Bayan mako biyu zuwa uku, da zarar tsiron ya fara miƙa kai yana neman abin kamawa, sai ta kafa sanda, tsiro uku ko huɗu su hau guda. Tun yana ɗanye take fara cin moriyarsa: ganyen ya shiga miya, ɗanyen kwanson ya shiga girki, sannan a jira busasshe. Da yake ba lokaci guda yake fure ba, tana tsinkar na ƙasa na sama yana nuna. Saiwarsa kuma tana da 'yan ƙulle-ƙulle da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, kamar dai wakenmu.

Manoman wannan yanki sun daɗe da sanin wake mai hawa, amma bazuwarsa zuwa sauran sassan ƙasar ta kankama ne a shekarun 1980, lokacin da cibiyar binciken noma ta ƙasar, ISAR, da takwararta CIAT da ke Kolombiya suka fito da ingantattun iri. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna shi ne Umubano, wanda tushensa Meziko. Hujjar da ta shawo kan manoma ba ta buƙaci lacca ba: a fili ɗaya, mai hawa kan ba da ninki biyu zuwa uku na abin da gajere ke bayarwa. Wanda gado ya bar wa 'yar gayauna, ba shi da halin faɗaɗa ta gabas ko yamma, sai ya ƙara ta sama, inda babu maƙwabcin da zai ce an ci masa iyaka.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Mai hawa ya fi gajere jinkirin nuna, ya fi shi son taki da hannu, sannan ga babbar matsala, sanda. Hekta guda na cin dubun-dubatar sanduna, a ƙasar da itace ke da tsada kuma doka ta tsare dazuzzuka. Shi ya sa suke dasa itacen turare da gora da wata doguwar ciyawa mai kauri a bakin gona, wasu su bar karan masara a tsaye, wasu su ɗaura igiya. Bayan girbi za ka ga an tattara sandunan an jingina su tsibi-tsibi, ana adana su kamar hatsi. A nan sanda dukiya ce, wanda ba shi da ita ba shi da hawa na biyu a gonarsa.

Ba ina cewa mu kwaso irinsu mu watsa a Kano ko Sakkwato ba. Wannan wake ba ya jure zafinmu, furensa kan zube. In zai yi a wajenmu, sai wurare masu sanyi irin tsaunukan Jos da Mambila. Abin ɗauka shi ne dabarar, domin matsalar tasu ta riga ta iso ƙofarmu. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabonta, birane suna ta haɗiye gonakin kewayensu, mudun wake kuma ya zama abin da magidanci ke yi wa lissafi kafin ya taya.

Dabarar ma ba baƙuwa ba ce. Harshenmu ya adana sunayen waken rumfa da waken damfami, shaidar cewa iyayenmu sun san waken da ke hawa, kamar yadda suka bar soso da duma da kabewa suna bin danga da rufin ɗaki. Mu ne muka rushe danga muka ja katangar bulo, muka malale tsakar gida da siminti, muka bar bango tsirara. Alhali taku biyu na ƙasa a gindin katanga, da 'yan karare ko igiya, da ruwan da muke zubarwa kullum, sun isa su sa ganye da wake a tukunyar gida.

Mutanen Musanze ba su fi mu fili ba, ba su fi mu rana ba. Abin da suka riga mu ganewa shi ne gona tana da tsawo, tana da faɗi, tana kuma da bisa, mu kuwa har yanzu biyun farko kaɗai muke aunawa.