Shekarar da Jaguar ɗin Kawu ta fito

Litinin. Motar da Kawu ya saya tana wani gareji a Birmingham: Jaguar E-Type mai buɗaɗɗen sama, sitiyari a dama. Takardunta sun ce ƙirar 1963 ce. A cikin bonet akwai ɗan farantin ƙarfe mai ɗauke da lambobi huɗu, na chasis, bodi, injin da akwatin giya. Bakaniken ya ce kada mu dogara da shi, domin ana sayar da sabon faranti, kowa na iya buga abin da ya ga dama.

Talata. Mun kankare tsatsa a kan firam na gaba, saman shokozoba ta dama, inda masana'antar Browns Lane ta Coventry ke buga lamba a jikin ƙarfen. Ta yi daidai da ta faranti, ta fara da 877. A ƙirar mai injin lita 3.8, buɗaɗɗu masu sitiyarin dama sun soma daga 850001, na hagu daga 875001. Ashe da sitiyarin hagu ta fito, daga baya aka juya shi. Kuma jerin 877 na 1962 ne.

Laraba. Lambar injin tana saman filtar mai: harafin R a farko, 9 a ƙarshe, wato matsin tara bisa ɗaya. Ta kan silinda ma haka take. Injinta na asali ne.

Alhamis. Faranti ya ce EB, wato akwatin Moss, akwatin giyar da ke cikinta kuwa EJ aka buga masa. Wannan na ƙirar lita 4.2 ne, wadda ta soma fitowa a 1964. Masu motar da yawa sun yi wannan canji, don tsohon akwatin Moss kan yi ƙara wajen shiga giya ɗaya.

Juma'a. Bayan masallaci muka duba gilashin ƙofa. A tambarin Triplex, ɗigo yana ƙarƙashin harafi na biyu na kalmar TOUGHENED, alamar shekara mai ƙarewa da 2. Injin waifa na Lucas shi ma 62 ne a jikinsa.

Asabar. Na ce, "Kawu, 1962 aka ƙera ta. Tunda da sitiyarin hagu ta fito, wataƙila a Amurka aka sayar da ita, can kuwa sau da yawa shekarar sayarwa ake sawa a takarda." Ya ce, "To, a nemo shaida." Mun aika lambobin ga Jaguar Daimler Heritage Trust da ke Gaydon, masu riƙe da kundin masana'anta, su ba da takarda mai ranar ƙira, launin asali da dillalin farko. Kawu ya sa a fara cigiyar akwatin Moss.