Keken Jariri: A Naɗe Ake Gane Na Ƙwarai

A garuruwanmu keken jariri ya shigo ne ta ƙofar kayan suna, shi ya sa ido ke zaɓensa. Akan nemi mai faɗi, mai manyan tayoyi da doguwar rumfa, wanda zai cika falo ranar da 'yan barka suka hallara. Sai ranar kai jariri rigakafi a tarar but ɗin mota ba ya rufuwa a kansa, mai A Daidaita Sahu kuma ya ce sai an biya kuɗin kujera biyu. Na ga irin waɗannan kekuna a gidajen 'yan'uwa da abokan aiki sun koma ma'ajiyar kayan wanki a bayan ƙofa. Tun da na fara fita da 'yata a motar haya na gane cewa amfanin keken yana bayyana ne a lokacin da jaririn ba ya cikinsa, wato lokacin da aka naɗe shi ana neman inda za a ajiye.

Matsalar ta girme mu. Owen Maclaren, injiniyan jiragen sama ɗan Ingila wanda ya yi aiki a kan ƙafafun jirgin yaƙi na Spitfire, ya ga yadda 'yarsa ke fama da ƙaton keken jikarsa a tafiya. A 1965 ya nemi rajistar wani keke na sandunan alminiyam mai naɗewa kamar lema, nauyinsa wajen kilo 3, aka fara sayar da shi a 1967. Ƙananan kekunan da ke kasuwa yau daga wannan tunani suka samo asali.

Saboda haka abin da ya kamata mai saye ya riƙa zuwa shago shi ne tef irin na tela. A auna faɗin but ɗin motar da zurfinsa, a kuma auna bakinsa, domin a ƙananan motoci irin su Yaris da Picanto bakin yakan fi cikin ƙuntata. Daga nan a nemi girman keken a naɗe. Misali, YOYO idan an naɗe shi yakan koma santimita 52 da 44 da 18, nauyinsa kilo 6 da 'yan kai, an kuma ƙera shi ne don ya shiga ma'ajiyar jakar hannu a jirgin sama. Tsadarsa ta fi ƙarfin yawancinmu, amma waɗannan lambobi ma'auni ne mai kyau: duk keken da ya kusance su zai zauna a gaban ƙafafu cikin Keke Napep ba tare da an takura wa fasinjan gefe ba.

Gwaji na biyu a shagon ake yinsa, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. A rungumi jaka mai nauyi a hannu ɗaya kamar jariri, a naɗe keken da ɗaya hannun, a ɗaga shi. Direba ba ya jira, na baya suna danna hon, kuma sau da yawa uwa ita kaɗai ce. Keken da sai an sunkuya an sa hannu biyu, ko an cire kujerarsa tukuna, ba na motar haya ba ne. Ko a Landan, inda motocin bas ke da filin ajiye keke, mai keken guragu ne ke da fifiko a wurin, kuma Kotun Ƙolin Birtaniya ta ƙarfafa hakan a 2017. Can ma uwa na iya naɗe nata a tsakiyar tafiya.

Sai dai ƙanƙanta tana da nata farashi. Ƙananan tayoyi an yi su ne don daɓen filin jirgi da manyan kantuna. A kan yashi, tsakuwa da bakin kwata sukan cije. Wanda unguwarsa ba kwalta gara ya yarda da ƙarin kilo ɗaya ko biyu ya samu tayoyi masu ɗan girma. Abu mafi muhimmanci kuma, jaririn da bai kai wata shida ba wuyansa bai yi ƙwari ba, yana buƙatar kwanciya a miƙe; idan aka zaunar da shi kansa na iya faɗowa gaba ya takura numfashinsa. Yawancin kekuna masu naɗin lema ba sa kwantawa sosai, don haka a tabbatar kafin a biya. A duba birki, a duba bel mai ɗaure kafaɗu biyu da ƙugu da tsakanin ƙafafu. Kada a rataya jaka mai nauyi a mariƙi, domin keke mara nauyi yana saurin kifewa ta baya. Kada kuma a lulluɓe shi da mayafi a zafin Afrilu, iska ce ake toshewa.

Da yawa daga cikinmu na gwanjo muke saye, kuma babu aibu a ciki, amma a duba gaɓoɓin naɗewa da kyau. A 2009 kamfanin Maclaren ya yi kiranyen kekuna kusan miliyan ɗaya a Amurka bayan gaɓar naɗewa ta datse kan yatsun wasu yara. Kayan gwanjo ba ya zuwa da tarihinsa. A kowane keke, a nisantar da hannun yaro yayin buɗewa da naɗewa.

A ƙarshe, keke bai zo ya kori zani da majanyi ba. A cunkoson kasuwar Sabon Gari ko a kan gadar masu tafiya a ƙasa, goyo ya fi kowane keke. Keken yana da ranarsa a layin asibiti, a filin jirgi, a hannun uba ko kaka mai ciwon baya, da kuma ga wadda aka yi wa tiyatar haihuwa. A cikin mota kuwa, wurin jariri kujerar mota ce ta jarirai, keken nasa wurin but ne. Duk wanda zai yi wa mai jego wannan kyauta, ya fara tambayarta da wace mota take fita.