Kan Sarkin da Ya Ci Mana Rabin Gona

A ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Minjibir zuwa Ɗambatta har Makoɗa, gona ba ta hutawa. Jama'a ta yi yawa, rabon gado ya yayyanka filaye, kowace shekara sai an yi jigilar taki a mangala kafin ƙasa ta bayar. Iyaka kuwa layin gamba ne kawai. A irin wannan wuri takardar gona ba abin wasa ba ce, ni kuwa da ita na yi wasa.

A farkon shekarun 1980, ina ajin ƙarshe na firamare, wani malaminmu yana da kundin kan sarki da abokin wasiƙarsa ke aiko masa daga waje. A nan na fara jin sunan Fiji da Tonga da Tubalu da Kiribati, tsibiran tekun Fasifik. Malam ya ce ƙananan ƙasashe ne, Tubalu a 1978 ta sami 'yanci, Kiribati a 1979, kuma kan sarkin da suke bugawa ya fi ƙarfin wasiƙun mutanensu. Domin masu tarawa na duniya suke fitar da na Kirsimeti da na ranar 'yanci, su sami kuɗin shiga. Tonga ma ta yi zagayayye mai ƙyallin zinariya a 1963, ta yi mai siffar ayaba a 1969. Na ayabar nan ya hana ni barci. Malam ya ce sha'anin musaya ne, kowa ya kawo tsoho na Nijeriya zai ba shi na waje.

Na san inda tsofaffi suke. A ƙarƙashin gadon kakata akwai adakar marigayi kakanmu, cike da rasidin haraji da wasiƙun 'yan cirani. Can ƙasa na tarar da wata takarda da aka rubuta da ajami, an manna mata kan sarki mai hoton mahayan Barno, na jerin 1953. An ja rubutu ta kansa, ga kuma dangwalen yatsa, rabi a jikin kan sarkin, rabi a takarda. Na diga masa ruwa na ɓamɓare. Tawada ta narke, gurbin ya huje. Na linke takardar na mayar. Na ayabar ma ban samu ba, wani na Fiji Malam ya ba ni, ya ce irin nawa sun yi yawa.

Abin da ban sani ba shi ne, a zamanin fam da sule, kafin zuwan naira a 1973, ana manna kan sarki a rasidi da takardar yarjejeniya a matsayin haraji, sannan a sa hannu da kwanan wata a kansa don kada a sake amfani da shi. Takardar nan ta jingina ce. Kakanmu ya karɓi kuɗi ya ba maƙwabcinsa gona ya riƙa nomawa har ran da za a fanshe ta.

Da Baffa ya tara kuɗin fansa, ni na riga na zama magidanci. Magadan wancan gida suka ce su dai sun tashi sun ji saye ne. Mai unguwa da limamin da suka shaida duk sun riga mu gidan gaskiya. Aka ɗauko takarda a gaban dagaci. Kalmar jingina tana nan ɓaro-ɓaro, amma babu shekara, babu yatsan mahaifinsu, sai rami. Suka ce kowa zai iya rubuta wannan, kuma ban ga laifinsu ba. Dattawa suka yi sulhu, aka raba gonar biyu.

Laifina na biyu ya fi na farko muni. Ina zaune aka ɗora wa gara laifin ramin, na yi gum. Sai bayan an yi girbi na sami Baffa a zaure bayan sallar isha'i, na durƙusa.

"Baffa, ba gara ba ce. Ni na cire, tun ina yaro."

Ya daɗe bai ce komai ba. "Ai na san gara ba ta cin takarda kusurwa huɗu," in ji shi. "Da ka tambaye ni, da na ba ka na wasiƙun Jos, ga su nan fal. Da kuma ka faɗa a gaban dagaci, da aƙalla an san akwai wanda ya ga yatsan da idonsa. Tashi, Allah Ya kiyaye gaba."

Maganar tasa ta faɗa a gaban dagaci ce ta fi yi mini ciwo. Ɓarnar yaro ta lalata hujja, amma shirun babba ne ya hana a gyara, domin a shari'armu bakin shaida ya fi takarda nauyi, ni kuma shaida ne na ɓoye don gudun kunya. Daga baya na ji cewa ko a wurin masu tarawa, kan sarkin da ke manne a takardarsa ta asali ya fi ɓamɓararre daraja.

Yanzu duk takardar da ke gidanmu an karanta wa yara ita, an ɗauki hotonta a waya, an faɗa musu wace gona take karewa. Duk wanda ya yi ɓarna kuma ya faɗa da wuri, na hana a dake shi.