Samaru Da Birnin Zazzau: Inda 'Ya'yanmu Ke Kwana Suna Tashi

Ranar da sunan yarinya ya fito a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, gida kan cika da murna, amma da dare ya yi sai uwa ta kasa barci. Ina za ta kwana? Da wa za ta yi ƙawance? In an tashi daga aji, ina take zuwa? Yawancinmu labarin jami'a a bakin mutane muke jin sa, kuma labarin baki ya fi son ɗaukar mummuna. Shi ya sa a wannan watan za mu zaga Samaru da birnin Zazzau, domin uwargida ta san wurin da ta kai amanarta.

An buɗe jami'ar ne a shekarar 1962, aka sa mata sunan Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello. Babban mazauninta yana Samaru, a kan hanyar Funtuwa. In kin sauka a Kwangila, sai ki hau bas ko keke Napep, ki wuce Palladan inda kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take, har ki isa babbar ƙofa. Akwai mazauni na biyu a Kongo, wajen Tudun Wada, inda ake karatun shari'a da na harkokin mulki. Asibitin koyarwa kuwa yana Shika, gaba da Samaru. Don haka kafin ki kama hanya, ki tambayi yarinya a wane ɓangare take, kada ki sha wahalar banza.

Da shigarki Samaru za ki ga gari ne guda a cikin katanga. Ga bishiyoyi masu inuwa, ga bankuna, ga asibitin ɗalibai, ga kasuwa a ciki inda ake sayar da kayan miya, ana ɗinki, ana kitso. Ga kuma babban ɗakin karatu mai sunan Sa Kashim Ibrahim, wanda ya yi gwamnan Jihar Arewa. In jarrabawa ta matso, wurin zama kan yi wuya a cikinsa, har ɗalibai su koma azuzuwa suna karatun dare.

Mafi shahara a ɗakunan kwanan mata shi ne wanda aka sa wa sunan Sarauniya Amina. Ki daure ki shiga. Za ki tarar da 'yan mata daga kowace kusurwa ta Nijeriya, Bahaushiya da Bayarabiya da Batibiya a ɗaki ɗaya, wannan tana dafa taliya a risho, waccan tana shanya. A nan ne yarinyar da ba ta taɓa barin gida ba take koyon haƙuri da zama da mutane, da yadda ake tattalin kuɗin wata. Sai dai gadaje ba sa isar kowa. Da yawa sukan kama haya a unguwannin Samaru, irin su Hayin Dogo da Ɗanraka. In 'yarki tana cikin waɗannan, to ziyara ta zama dole. Ki ga ɗakin da idonki, ki duba ƙofa da makulli da ruwa, ki gaisa da masu gida da maƙwabta, ki ba su amana baki da baki.

To, me suke yi in ba su cikin aji? Abin yi dai ya yi yawa, zaɓi ne ya rage ga yaro. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi tana da ƙarfi ƙwarai a nan. Tana shirya karatuttuka da lakcoci, da darussan taimako ga sababbin ɗalibai, kuma 'yan mata suna da nasu ɓangaren. Da azumi ana tafsiri, ana buɗa-baki tare. Ɗaliban kowace jiha, kai har na ƙananan hukumomi, suna da ƙungiyoyinsu, inda na gaba ke riƙe hannun na baya. Akwai filayen wasanni, akwai gasar muhawara da ta rubutu. Akwai kuma dandalin wasan kwaikwayo da aka gina da ƙasa irin ginin Hausa tun shekarun 1970, inda ɗaliban fannin ke nuna wasanninsu. Sashen zane-zane ma yana da lambun da aka jera sassaƙe-sassaƙen ɗalibai, kuma tun kafin a kafa jami'ar Zariya ta yi suna a wannan fanni.

Ba za mu ɓoye miki ba, akwai ɗaya gefen. Akwai shagulgulan dare a gari, akwai masu motocin da ke yawo da yamma ba karatu ya kawo su ba, akwai ƙawayen da za su nuna wa yarinya cewa shigar da ta zo da ita ƙauyanci ce. Amma babu wanda ake kamawa da ƙarfi a kai shi. Abin da ya fi jefa yarinya cikin hatsari shi ne kaɗaici da rashin kuɗin abinci, da jin cewa babu mai tambayar halin da take ciki. Waɗannan kuwa maganinsu yana hannunmu.

Garin Samaru da jami'ar kamar ɗan jinjiri ne da nono. Masu shaguna, masu abinci, masu wanki da guga, 'yan acaɓa, duk da ɗalibai suke ci. Lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata 8, kasuwancin wurin ya ji jiki sosai. A Samarun ne kuma cibiyar binciken aikin gona take, wadda ta fitar da ingantattun irin masara da dawa da gyaɗa da auduga. A Shika akwai cibiyar binciken dabbobi, wadda ta samar da kazar ƙwai da ake kira Shika Brown. Mai sha'awar kiwo a gida ta tanadi tambayoyinta.

In kin gama da makaranta, ki ɗauki yarinyar ku shiga birni tare, domin ɗalibai da yawa kan gama shekara 4 ba su taɓa ratsa Ƙofar Doka ba. Ku ga ragowar ganuwa, ku ga ƙofar fada da adon zanenta. Sarkin Zazzau na yanzu, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya hau gadon sarauta a 2020 bayan rasuwar Alhaji Shehu Idris, wanda ya yi shekara 45 yana mulki. Kusa da fada ne tsohon masallacin Juma'a yake, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a shekarun 1830. A watan Agustan 2023 wani sashe nasa ya rufta ana cikin salla, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu.

A cikin lungunan birni za ku ga masu ɗinkin hannu na manyan riguna da huluna, sana'ar da matan aure ma suke yi a cikin ɗakunansu. A Tudun Wada kuma aka kafa kamfanin Gaskiya, tsohon gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, wadda Alhaji Abubakar Imam ya yi wa edita. Kayan tsaraba sai kasuwar Sabon Gari. In ziyarar ta dace da Salla, ku tsaya kallon hawa. Daga nesa za ku hango dutsen Kufena, amma hawansa sai da rakiyar 'yan gari, kuma da rana.

Saboda haka uwargida, a nemi izinin maigida, ko ma ku tafi tare, ko da sau ɗaya ne a zango. Ki riƙa mata ɗan yaji da kuka da garin kunu, ki ci abinci a ɗakinta, ki san sunayen ƙawayenta, ki karɓi lambar ɗaya ko biyu. Yarinyar da ta san mahaifiyarta ta san ƙofar ɗakinta, takunta daban yake. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, amin.